Gurbin Da Ba Ta Kulle Ba

"Ki kulle shafin lissafin nan, Nasiha. Kafin azahar."

Madam Veronica ce ta faɗa daga bakin ƙofa. Ita ce manajar ƙungiyar da ke raba irin riɗi ga manoman Birnin Kudu da Gwaram, kuma ba ta maimaita magana.

"Guraben alƙaluma kawai za ki bari a buɗe. Layin ƙarin bayani kuma ki goge shi."

"Madam... har shi?"

"Har shi. Batulu ta ce wakilai sun mai da shi dandalin hira."

Batulu, abokiyar aikinta, tana teburin gefe tana gyara mayafi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Nasiha ta juya ga komfuta.

Duk mako takan tura wa wakilan mazaɓu takardar lissafi ta komfuta, su cike su dawo da ita. Abdulsalami ne wakilin Farin Dutse. Shekara biyu yana nemanta, bai turo manyansa ba. Sai Batulu, wadda ta daɗe tana sonsa, ta kai wa Inna, mahaifiyar Nasiha, gulmar cewa an yi masa mata a garinsu. A ranar nan Inna ta sa Nasiha ta rantse.

"Ba waya, ba saƙo, ba aike. Ko harafi ɗaya! Namijin da sai an ce masa turo ba miji ba ne."

Tun daga nan ya kira har ya gaji. Abin da ya rage masa shi ne layin ƙarin bayani, inda yake rubutu ita kuma ta karanta ta yi shiru. Na makon jiya ta haddace shi:

"Nasihata, ban san laifina ba. Idan takardar gaba ta zo babu inda zan yi miki magana, na gane amsarki. Zan karɓi aikin da aka yi min tayi a Fatakwal."

Batulu ma ta karanta.

"Ƙawata, lafiya kike zufa?" in ji Batulu. "Ko fankar ce ba ta kai miki?"

"Lafiya lau."

Nasiha ta ɗauki waya, ta nemo lambarsa, ta kalle ta. Rantsuwa ba wasa ba ce. Ta kife wayar.

Ta goge layin.

Aikin kullewa yana da ƙa'ida. Sai an fara zaɓar guraben da za a bari, a cire musu alamar kulle, sannan a sa wa shafin gaba ɗaya kalmar sirri. Ta zaɓi guraben alƙaluma, ta cire musu kulle, ta shafa musu ruwan ɗorawa don wakilai su gane su.

Sai ta tuna yadda Abdulsalami yake aiki. Ba ya taɓa linzamin komfuta. Madannin Tab yake bugawa, yana cewa linzami na malalata ne. A shafin da aka kulle kuwa, Tab ba ya sauka sai a buɗaɗɗen gurbi. Daga wannan ya yi tsalle zuwa na gaba, duk nisansa.

Ta gangara can ƙasan shafin inda babu komai. Ta zaɓi gurbi ɗaya fari fat, ta cire masa kulle. Ba ta sa masa launi ba, ba ta rubuta masa suna ba. Ta sa kalmar sirri.

"Kawo in duba," Batulu ta ce.

Ta kama linzami ta danna inda layin yake a da. Komfuta ta hana. Ta danna nan, ta danna can, ta hana.

"Ya kullu kam," ta ce tana murmushi. "Allah ya ba da haƙuri."

Nasiha ta tura wa wakilai. Ranar Alhamis takardu suka fara dawowa. Ta Yalwan Damai ta zo, gurbin fanko. Malam Abu na Unguwar Ya ya faɗa cikinsa, ya rubuta: "Nan kuma me ake so?"

Ta Farin Dutse shiru.

La'asar ta wuce. Madam ta ɗauki jakarta.

"Ba ki tashi ba?"

"Saura ɗaya, Madam."

"Sabis ɗin can sai a hankali. Ki bari sai Litinin."

Litinin kuwa Abdulsalami yana iya kasancewa a motar Fatakwal. To in ya cike gurbin ƙarshe ya tsaya fa? In ya ga layin babu, ya rufe komfutar tun bai fara ba fa? Ya Allah... sau ɗaya kawai ya ƙara dannawa!

Komfuta ta yi ƙara. Ta Farin Dutse ta iso.

Ba ta kalli alƙaluman ba. Ta gangara ƙasa.

"Na ga an rufe ko'ina, na haɗa kayana. Sai yatsana ya kawo ni nan. Ba kya kuskure a aiki, Nasihata. Tunda kin bar ƙofa, ta zaure zan shigo. Bappana na tafe wurin Baba gobe bayan Juma'a."

Ta karanta, ta kifa kanta a tebur.

Washegari dattawa uku suka sauka a ƙofar gidan su Nasiha da goro. Da aka tayar da zancen matar da aka yi masa, Bappa ya yi salati ya ce shi dai bai san da ita ba, kuma shi ne waliyyi.

Inna ta kira ta ɗaki, ta tura ƙofa.

"Kalle ni nan. Kin yi masa magana?"

"Wallahi Inna, ko harafi ban rubuta ba."

"To wa ya ce ya turo?"

"Babu kowa. Wuri kawai na bar masa."

Inna ta miƙa mata tire.

"Ungo, kai wa surukanki ruwa. Ki rufe kanki da kyau."

Bayan girbin riɗi aka ɗaura aure. Batulu ce ta buga katin gayyata, bisa umarnin Madam.