Ƙashin Da Ya Cije

"Kada ki motsa. Kada ki haɗiyi yawu."

Ban ji muryar ma'aikaciyar ba, leɓɓanta na karanta, shekara biyu ke nan ina wannan satar. An ɗaure min goshi, gadon yana jan kaina cikin bakin injin hoto mai kama da ƙaton zobe. Asibiti mafi nisa na zaɓa don kada wani ya gan ni, ashe nan aka mayar da yayar saurayina aiki. An gudu ba a tsira ba.

Da ta kwance ni ta kira ni gaban kwamfuta, ta matso kusa da fuskata.

"Kin ga wannan ɗan tabon? Likita ne zai rubuta sakamako, amma na ga irinsa ya fi a ƙirga. Ɗan ƙashin da ke kai sauti cikin kunne ne ya daskare. Ana gadonsa, juna biyu kuma yakan ƙara shi. Ƙanina ya sani?"

Na girgiza kai.

"Aikina ya hana ni faɗa, amma Mama tana karanta fuskata kamar jarida. Ki janye da mutuncinki. Ƙawata ta daɗe tana sonsa, kunnuwanta kuwa garau."

"Anti, don Allah..."

"Kwana uku na ba ki."

Kwana ukun nan ban iya cin abinci ba. In na faɗa in rasa shi, in na yi shiru Mama ta raba mu. Ciwon ma har da raini, cikin hayaniya na fi ji saboda kowa yana ɗaga murya, shi ya sa kullum a garejinsa muke hira. Shi kuwa bakaniken nawa sai cika baki yake wai ya samu budurwa mai son ƙarar injin.

Rana ta uku na same shi ƙarƙashin mota. Yana ganin idona ya fito, ya kashe janareta. Wurin ya yi tsit, tsoro ya kama ni, bakinsa yana motsi ba na jin komai.

Na miƙa masa hoton da aka ɗauka a asibiti.

"Masoyi, na ɓoye maka. Ina kurumcewa. Likita ya ce ana yin aiki, amma ba tabbas, kuma 'ya'yanmu za su iya gada. In ka fasa ban ga laifinka ba..."

Ya goge hannu, ya ɗaga hoton a hasken rana, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauko doguwar sukudireba, wadda yake ɗorawa a jikin injin ya kafa ƙotarta a kunne don gano inda ke ƙara. Ya wanke ta da sabulu, ya ɗora ƙotar a ƙashin bayan kunnena, ya danna bakinta a haɓarsa.

"Kina ji na, 'yar gidana?"

Na ji. Ta cikin ƙashin kaina muryar ta shigo, cike, kamar a cikina yake magana. Hawaye suka zubo min.

"Tun watanmu na biyu na gane. Kina zaton haka kawai nake maimaita komai sau biyu? Jira nake ki gaji da ɗaukar kayan nan ke kaɗai."

"Mama fa?"

"Za ta yi faɗa, za mu sha. Ɗan ƙarfe ɗaya ne ya cije, ni kuwa ban taɓa yar da mota don wannan ba."

"Au, mota ce ni?"

"Sabuwa fil."

Mama ta yi faɗan, wata biyu ba ta amsa gaisuwata, yayarsa ba ta zo bikinmu ba. Har yau ba a yi aikin ba, ban san yadda zai kaya ba. Amma ban manta ranar garejin nan ba. Wata tara ina son mutum, sai ranar na san ashe muryarsa kauri gare ta, kuma tana rawa in ya kira ni.