Tabon Kurkur a Farar Rigar Yaya

A wani gida mai ɗaki biyu da kicin, akwai wata yarinya da kowa ke kira Auta. Tana aji biyar a firamare. Ba ta da mugunta, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da aka ce kada a taɓa, shi ne yake yi mata kyau.

Yayarta tana karatun haɗa magunguna a kwaleji. Tana da doguwar farar riga, irin wadda ake sawa a ɗakin gwaje-gwaje. Ita ke nan gare ta. Umma ce ta ɗinka mata a kan tsohon kekenta, tana yi tana murza ido.

Jarrabawar Yaya ta ƙarshe ta matso. Ta wanke rigar, ta goge ta, ta sa ta cikin baƙar leda, ta rataye a bayan ƙofa.

"Auta, kin ga wannan rigar?" in ji ta. "Wanda ba shi da farar riga tsaf, ko ƙofar ɗakin jarrabawa ba zai wuce ba. Wanda bai shiga ba kuwa, sai baɗi. Don Allah ki raba hannunki da ita."

"Haba Yaya, ni me zan yi da ita?" in ji Auta.

Ranar hutun mako, Umma ta tafi kai ɗinki. Yaya ta tafi karatu wurin ƙawarta. Ƙafarsu na fita, Auta ta zare rigar ta saka. Ta sauko mata har idon sawu. Ta naɗe hannuwan, ta shige kicin tana taƙama.

Ta jera kofuna, ta zuba ruwa. Ta ɗauko gwangwanin kurkur, wannan garin mai ruwan ɗorawa da Umma ke sawa a girki. Ta zuba, ta motsa da cokali.

"Yau zan haɗa maganin da ba a taɓa haɗawa ba," in ji ta, tana kwaikwayon muryar Yaya.

Ta ɗaga kofin don ta duba shi a hasken taga. Hannun rigar ya warware, ya ja kofin. Ruwan ya kwaranyo mata tun daga ƙirji har gwiwa.

Auta ta dubi gaban rigar, duk ya zama rawaya. Ta tuɓe rigar, ta ruga bayan gida. Ta zazzaga garin sabulu a kan tabon, ta hau cuɗawa.

Nan fa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Rawayar ta fara rikiɗa. Kafin ta ankara, tabon ya koma ja kamar jini. Ta ƙara sabulu, jan ya ƙaru. Ta cuɗa har yatsunta suka yi zafi. Garin neman gira, ga shi za ta rasa ido.

Ta zauna a bakin bokiti ta yi kuka mai isarta. Da ta ji motsi a waje, sai ta matse rigar, ta dunƙule ta, ta cusa can ƙarƙashin gado. Ta cika baƙar ledar da tsohon zane, ta mayar bayan ƙofa.

Washegari aka yi rana mai kyau tun safe har yamma. Umma ta shanya wanki, kafin a jima ya bushe ƙayau. Rigar Yaya kuwa tana can cikin duhu.

Auta ba ta iya cin abinci ba. Ko wasa ba ta fita ba. In Yaya ta doshi ƙofa, sai Auta ta bi ta da ido.

"Auta, lafiya kike kuwa?" in ji Umma. "Yau gidan shiru, kamar an yi mana sata."

"Lafiya lau, Umma."

"To Allah ya sa. Shirunki ba ya yi mini daɗi."

Da aka koma makaranta, saura kwana ɗaya jarrabawar Yaya. Auta ta zauna a aji, amma ba ta ji komai ba. Da aka fita hutun tara, ta tsaya a bakin teburin malamar kimiyya tana wasa da yatsu.

"Malama, ina da tambaya. Wata yarinya ce. Wani abu rawaya ya zube mata a riga. Da ta sa sabulu sai ya koma ja. Shi ke nan rigar ta lalace?"

Malama ta dubi farcen Auta. Duk gefensu rawaya ne.

"Wannan yarinyar," in ji Malama, "kurkur ta taɓa, ko?"

Auta ta ɓoye hannunta a baya. Hawaye suka zubo mata. Ta kwashe labari duka ta faɗa.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki alli ta zana layi biyu masu lanƙwasa a allo. Na farko lanƙwasarsa a matse, na biyu a buɗe.

"Share hawayenki ki duba nan. Kin san bakan gizo?"

"Na sani, Malama."

"Duk launukan nan suna cikin hasken rana. Haske kuwa tafiya yake yi yana hawa yana sauka, kamar waɗannan layukan. Shuɗi takunsa gajere ne, shi ake kira gajeren zango. Ja takunsa dogo ne, dogon zango ke nan. Kore yana tsakani."

Auta ta gyaɗa kai.

"Kurkur yana da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. In haske ya sauka a kansu, sai su haɗiye shuɗin. Abin da ya rage ya dawo idonki, shi ne rawaya."

"To me ya sa ya koma ja?"

"Kina tsallen igiya?"

"Ina yi."

"Gajeriyar igiya da doguwa, wacce ta fi saurin juyawa?"

"Gajeriya. Doguwar a hankali take tafiya, tana cin wuri."

"Yauwa. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira elektron, kullum suna kai da komo. Sabulu yakan cire ɗan wani yanki daga jikin ƙwayar, sai filinsu ya ƙara tsawo. Sun sami doguwar igiya ke nan. Daga nan sai su koma haɗiyar haske mai zango mafi tsawo, daga shuɗi su matsa wajen kore. Abin da ya rage ya dawo idonki sai ya zama ja."

Auta ta kalli allon. "Ashe ba wani sabon abu ne ya shiga rigar ba?"

"Kurkur ɗin nan ne dai. Hasken da yake haɗiya ne ya sauya. Ki matsa masa lemon tsami, zai mayar masa da abin da sabulu ya cire, ya koma rawaya."

"Amma Malama, rawayar ma ai tabo ce."

"Ita kuma maganinta rana. Kurkur ba ya jure hasken rana, kakkarya ƙwayoyinsa yake yi har launin ya gushe. In aka shanya rigar ta wuni cur a rana, da wuya ki ga tabon. Yaushe abin ya faru?"

"Shekaranjiya."

"Jiya da aka yi wannan rana, ina rigar take?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ƙarƙashin gado."

Malama ta yi ajiyar zuciya, ta leƙa ta taga. Hadari ya fara haɗowa daga gabas.

"Kin yi asarar ranar jiya. Tafi gida yanzu, ni zan gaya wa shugaban makaranta. Kada ki sake yin komai a ɓoye. Ki fara da faɗin gaskiya."

Auta ta fita da gudu. Tana gudu tana kallon sama, sama kuwa sai ƙara baƙi take yi.

Ta tarar da Yaya a tsakar ɗaki, baƙar leda a hannu ɗaya, tsohon zane a ɗayan. Umma na tsaye a bayanta. Auta ba ta jira tambaya ba. Ta durƙusa, ta jawo rigar daga ƙarƙashin gado. Ta yamutse, tana warin danshi, ga jan tabo shimfiɗe a gabanta.

"Ni ce, Yaya. Ni na saka. Ni na ɓoye."

Yaya ta karɓi rigar ta buɗe. Ba ta yi tsawa ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta zauna a bakin gado, hawaye na bin kumatunta.

"Shekara guda, Auta," in ji ta a hankali. "Shekara guda ina karatu."

Da ma dukanta ta yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

"Ba za a samu aro ba?" in ji Umma.

"Wurin wa, Umma? Duk 'yan ajinmu gobe za su shiga, kowa da tasa."

Umma ta buɗe akwatin ƙyallayenta ta birkice shi. Babu farin yadin da zai isa ko hannun riga.

"Malama ta ce a sa lemon tsami, sannan a shanya a rana," in ji Auta cikin kuka.

"Na san wannan," in ji Yaya. "Abin da nake karantawa ke nan. Da kin gaya mini a ranar, da jiya an gama. Yanzu ina ranar take?"

Duk da haka suka gwada. Auta ta matse lemon tsami a kan tabon. A gaban idonsu jan ya janye, rawaya ta dawo. Umma ta riƙe baki. Suka ɗauraye rigar, suka shimfiɗa ta a kan igiya.

Rana ta ɗan leƙo, ta koma. Ba a jima ba aka kece da ruwa. Auta ta kwaso rigar a guje, ta tsaya a bakin ƙofa rungume da ita. Ruwa bai ɗauke ba sai da gari ya yi duhu. Ranar babu wanda ya yi wa wani hira a gidan. Yaya ta buɗe littafi, amma ba ta juya shafi ba.

Da gari ya waye, sama ta washe tas. Jarrabawar Yaya sai da rana tsaka. Tun kafin kowa ya tashi, Auta ta fita da rigar. Igiyar shanya tana cikin inuwa, don haka ta shimfiɗa ta a kan kujera inda haske ya fara sauka. Inuwa na matsowa, tana jan kujerar. Zufa ta jiƙa ta sharkaf, amma ba ta gusa ba.

Sannu a hankali rawayar ta dinga kodewa. Ta gwiwa ta tafi. Ta ciki ta tafi. Amma a ƙirji, inda ruwan ya fara sauka, wani tabo kamar tafin hannun jariri ya ƙi tafiya.

Lokaci ya yi. Yaya ta duba tabon, ta girgiza kai.

"Za su gani," in ji ta. "Shi ke nan."

Auta ta dubi tabon, ta dubi keken Umma. Sai ta ruga ɗaki, ta fito da farin mayafinta sabo, wanda take ji da shi, ko sau ɗaya ba ta yafa ba.

"Umma, ki yanka wannan. Ki yi mata aljihu a wurin."

"Kin tabbata? In na sa almakashi, ba ya komawa."

"Ki yanka, Umma."

Almakashi ya ratsa mayafin. Auta ta runtse ido. Keke ya yi ƙara na ɗan lokaci, sai ga aljihu zaune daram a ƙirjin riga, ya rufe tabon ruf. Aka goge ta, Yaya ta saka cikin jaka ta fita da sauri, ko waiwaye ba ta yi ba.

Auta ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Aka kira ta cin abinci, ta ce ta ƙoshi.

Can da yamma sai ga Yaya. Rigar na jikinta, alƙalami biyu a tsaye cikin sabon aljihu.

"An bar ki kin shiga?" in ji Auta.

"Na shiga, na kuma yi abin da ya kamata. Har wata ta tambaye ni wane tela ne ya yi mini aljihu." Yaya ta ja kunnen Auta a hankali, sannan ta rungume ta. "Na yafe miki, sarkin ɓarna. In kin girma, rigar taki ce. Amma sai kin girma!"

Umma ta yi dariya, ta miƙa wa Auta ragowar mayafin. "Ga shi, ya isa hankici. Me kika koya?"

"Kada in taɓa abin da aka hana ni," in ji Auta. "In kuma na yi kuskure, in faɗa nan da nan."

Gaskiyarta. Kowa yana kuskure, amma ɓoye shi ba ya gyara shi, ƙara masa nauyi yake yi. Yara, in kun yi ɓarna, kada ku cusa ta ƙarƙashin gado. Ku faɗa wa manya tun da sauran rana.