Tsumma a Matatar Iska

"Sau huɗu ke nan, Zayyanu! Sau huɗu!"

Amatullahi ta jingine ɗan babur ɗinta a ƙofar garejinsa da ke Agege. Ɗazu, a kan idonsa, saura ƙiris motar haya ta danfo ta take ta. Tana murɗa totur babur ɗin ya shaƙe, ya fizga, ya mutu a tsakiyar titi.

"Kin ji ciwo, rabin raina?"

"Kar ka rabin-raina ni! Jiya a kwata, gaban mahauta, Baba ya ce wanda ya kasa gyara babur ba zai iya riƙe 'yarsa ba. Ya ce Mahbub, ɗan amininsa, ya turo. Yau a gabana za ka buɗe babur ɗin nan!"

Zayyanu ya sunkuyar da kai. Ya kwance fulogi, tas yake. Ya zuƙo mai a kwalba, babu ruwa a ciki. Da ya zo kan matatar iska sai hannunsa ya tsaya.

"Je ki sha ruwa tukuna..."

"Buɗe!"

Ya buɗe. Wani tsumma ne cushe a maƙogwaron injin, ya toshe iska. Ta fizge shi. Shuɗin yadi mai ratsin fari. Ita da hannunta ta ɗinka wa Baba rigar aiki da shi.

"Innalillahi... Baba?"

Zayyanu ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya fito da guda uku irinsa, a ninke.

"Ka sani? Tun farko ka sani, ka bari ana kiranka jahili?"

"Mahaifinki ne. Ban so ki ji daga bakina ba." Ya ɗago ya dube ta. "Amma yau da motar nan ta taɓa ki, da shiruna ne ya kashe ki. Na kare girmansa, na manta ranki. Ki yafe min."

Ta kwashi tsummokaran, ta nufi gida.

Ta tarar da Baba a tsakar gida yana wasa wuƙa. Ta zube su a gabansa.

"Danfo ta kusa bi ta kaina yau, Baba."

Wuƙar ta suɓuce ta faɗi.

"Danfo? Ni... ni na zaci a ƙofar gida zai riƙa mutuwa..." Ya ƙura wa tsummokaran ido. "Duk Zayyanu ne ya ciro su?"

"Uku shi, na huɗun ni."

"Wa ya faɗa wa?"

"Ko ni bai faɗa wa ba."

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemun Baba.

"Na zage shi gaban mutanen kwata, alhali asirina yana cikin akwatinsa..." Ya miƙe, yana laluben takalmi.

"Ina za ka, Baba?"

"Gareji. Kafin ya turo magabatansa, ni zan fara zuwa wajensa."