Aljanin Zakiya

Mama Memunatu tana kicin tana juya tukunyar wake da shinkafa, ƙamshin yajin shito ya cika ɗan gidansu na unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa, sai aka banko ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hajiya, fito! Fito ki ga abin da ya sami 'yarki!"

Anti Bebi ce, ƙanwar mahaifin Haidar, saurayin da danginsa suka kawo gaisuwar neman auren Zakiya a watan jiya. Ɗankwalinta ya karkace, takalmi ɗaya ne a ƙafarta, ta damƙe hannun Zakiya tana janta. Ita kuwa Zakiya an lulluɓe mata kai da mayafin da ba nata ba, ko gabanta ba ta gani sosai.

Ludayi ya faɗi daga hannun Mama. "Ei! Haɗari kuka yi?"

"Ai gara haɗari, Hajiya! Iska ce! Yarinyar nan tana da aljanu!"

Zakiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da safe ta ce wa uwarta laburare za ta, alhali ko hanyar laburaren ba ta bi ba. Tun tana sakandare take mutuwar son kiɗan rok, kiɗan nan na Turawa mai kukan gita da dukan ganguna kamar ana rushe gini. Idan ta tashi daga kantin maganin da take aiki a titin Wendover, sai ta sayi kofi, ta sauke gilashin mota, ta ƙure sauti, duk gajiyar yini ta bi iska. Haidar kaɗai ya san wannan, shi ma ɗan hannu ne. Shi ya sayo musu tikitin wasan da aka yi ranar Asabar ɗin da rana a wani filin shaƙatawa na tsakiyar gari.

Abin da ba su sani ba shi ne, Alhaji Badaru, mahaifin Haidar, ya ɗora wa ƙanwarsa aikin bincike, kamar yadda ake yi kafin a sa ranar aure. Da wata ce, da sai ta tambayi maƙwabta da matan masallaci ta huta. Anti Bebi kuwa ta ɗauki abin kamar an ba ta aikin ɗan sanda, ta shiga motarta ta bi yarinya har filin.

"Da idona na gani!" in ji ta, tana haki. "Ta rufe ido, tana kaɗa kai gaba da baya kamar za ta tsinke wuyanta, tana kurma ihu, ta ɗaga yatsu biyu sama kamar ƙahoni! Hajiya, na ga 'yan bori a Kano ina yarinya, wallahi ba su kama ƙafarta ba. Na kutsa cikin ƙartin nan masu zane a jiki, na rufe ta da mayafina, na danne mata babban yatsa, ina karanta mata Ayatul Kursiyyu a kunne. Sai ta zabura ta ce, 'Anti?' Da na makara da sun tafi da ita!"

Mama Memunatu ta zauna daɓas a kan kujera.

Akwai abin da Anti Bebi ba ta gani ba, Zakiya kuwa ta gani. Lokacin da ake janta, ta hango Haidar yana dawowa daga sayen lemo, kofi biyu a hannunsa. Suka haɗa ido. Yana ganin gwaggonsa sai ya ja da baya, ya sulale bayan motar masu sayar da abinci. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Kafin magariba saƙon Alhaji Badaru ya iso. An dakatar da maganar sa rana. Gobe bayan azahar Malam Surajo zai yi wa yarinya ruƙiyya a gidan Alhaji. In aljanin ya fita, aure yana nan. In ya ƙi, kowa ya riƙe ɗansa.

Zakiya ta durƙusa gaban uwarta tana kuka. "Mama, ki yafe mini, ƙarya na yi miki. Ba ni da wani aljani. Haka ake rawar kiɗan, kowa a wurin haka yake yi."

Ta zaci mari za ta sha. Sai ta ga Mama ta leƙa ƙofa, ta dawo ta rage murya.

"Kada ki sake faɗa wa kowa wannan maganar. Gobe in Malam ya fara karatu, ki yi ihu, ki faɗi, ki yi atishawa, ki tashi ki ce ina ne nan."

"Mama!"

"Ki saurare ni! Aljani ba laifinki ba ne, ana cire shi a yini guda. Amma in suka ji da hankalinki kika je kina girgiza kai a cikin maza, daga nan har Kumasi babu mai sake kawo mana gaisuwa. Ei, Zakiya, kin kashe ni!"

Zakiya ta yi tsuru-tsuru tana kallon uwarta. Matar nan ce fa ta taɓa mayar da ita kanti tana ƙarama don ta mayar da alewar da ba a biya ba. Tsoron bakin mutane ya sa yau ita ke koya mata ƙarya, kuma a gaban Alƙur'ani.

Tana shiga ɗaki wayarta ta yi ƙara, Haidar ne.

"Zee, I'm so sorry, wallahi rikicewa na yi. Kin san Baba."

"Za ka faɗa masa tare muka je?"

Ya kauce wa tambayar. "Please, ki ɗan yi abin da suke so mana. Ɗan ihu ne kawai, shi ke nan a wuce wurin. Bayan biki ni da kaina zan riƙa kai ki wasan kiɗan."

Ta kashe wayar. Tana son Haidar, so mai tsanani, shi ya sa maganar ta yi mata zafi haka.

Washegari falon Alhaji Badaru ya cika da ƙamshin turaren habbatussauda. Aka zaunar da Zakiya a kan darduma a tsakiya. Mama da Anti Bebi suna gefenta, a shirye su danne ta in ta fara fizge-fizge. Haidar ya rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Malam Surajo, dattijo mai sanyin murya, ya fara karatu.

Karatun ya yi daɗi. Ya ratsa ta har hawaye suka fara zubo mata, tana tunanin ta yaya mutum zai yi wasan kwaikwayo ana karanta wannan a kansa.

"Ya fara! Ga shi nan ya fara!" in ji Anti Bebi, ta cafke mata kafaɗa.

Mama ta ɗan mintsine ta a cinya, alamar lokaci ya yi.

Malam ya ɗaga murya. "Kai wane ne? Me ya kawo ka jikin baiwar Allah? Yi magana!"

Zakiya ta buɗe ido, ta share fuska. Ta yi magana yadda kowa zai ji ta.

"Malam, ni ce. Zakiya ce, babu kowa a jikina."

Mama ta ɗora hannu biyu a ka.

Zakiya ta juya wajen Alhaji. "Baba, da hankalina na je. Ina son kiɗan nan tun ina yarinya, yana sa ni farin ciki. Na yi wa mahaifiyata ƙarya, wannan laifina ne, kuma na tuba. Na san abin da maganar nan za ta jawo mini. Amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba, ba kuma zan yi wa Alƙur'ani wasa ba."

"Lahaula!" Anti Bebi ta sake ta kamar ta taɓa wuta. "Da hankalinki? Ni kuma na yar da takalmina a banza?"

Fuskar Alhaji Badaru ta ɗaure. "Wa ya kai ki wurin?"

Ba ta kalli bakin ƙofa ba. "Da ƙafata na je, Baba."

"To, shi ke nan. Hajiya Memunatu, sai dai ku yi haƙu..."

"Ni na kai ta!"

Kowa ya waiwaya. Haidar ne a tsaye, gumi yana keto masa, ya zo ya zube gaban mahaifinsa.

"Ni na sayi tikitin, Baba. Ni ma haka nake kaɗa kan, har na fi ta. Da na ga Anti sai na ɓuya na bar ta ita kaɗai. Jiya ma ni na ce ta yi ihun ƙarya."

"Kai ma?" Anti Bebi ta dafe ƙirji. "Haidar, ɗan da na goya?"

Malam Surajo ya rufe Alƙur'aninsa a hankali, ya dubi wannan ya dubi wancan. "Alhaji, ni dai ban ga aljani a ɗakin nan ba. Na ga mai tsoron Allah, na kuma ga masu tsoron mutane."

Mama Memunatu ta sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace mata.

Alhaji ya dubi ɗansa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka. "Kiɗan nan ba na son sa, ba kuma zan fara son sa da tsufana ba. Amma na aika a binciko mini aibin 'yar mutane, sai ga shi aibin ɗana aka kawo mini har falo. Yarinyar da ta yarda ta rasa miji don kada ta yi ƙarya, ta kuma rufa wa wanda ya gudu ya bar ta asiri, ni ban isa in ƙi ta ba." Ya dubi Zakiya. "'Yata, yanzu mu ne masu roƙo. Za ki iya zama da wannan matsoracin?"

Haidar ya ɗago jajayen idanu yana kallonta. Zakiya ta bar shi ya sha zullumi sosai, don ya cancanta.

"Baba, ya makara," ta ce a hankali, "amma dai ya tashi. A ba ni lokaci in huce."

Aka ba ta. Haidar ya yi ta zarya Glenwood yana ban haƙuri har rani ya wuce, ita kuma ta zauna ta gyara tsakaninta da uwarta, don kowacce a cikinsu tana da gafarar da za ta nema. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure.

'Yan mata da samari, ku ji wannan. Ƙaryar da aka roƙi Zakiya ƙarama ce, ihu ɗaya da atishawa, amma da ta yi ta, da har ta tsufa ana nuna ta ana cewa ga mai aljanu, mijinta kuma ya saba da ɓuya duk ranar da ta shiga uku. Ta faɗi gaskiya a lokacin da gaskiyar za ta iya raba ta da wanda take so, ta yi haƙuri, sai ta shiga gidan mijinta kanta a ɗage, babu abin da take ɓoye wa kowa.