Baƙar Malafar Abba

"Ka cuce ni, Gwani! Wallahi ka gama da ni!"

Auta ce ta banko ƙofar ɗakin zane, ta dire jakarta a teburinsa har fensira suka watse ƙasa.

"Subhanallahi... Rabin raina, me ya yi zafi?"

"Abba ya kalli shirin jiya. Yana ƙarewa ya miƙe ya shige ɗaki, ko tari bai yi ba. Yau da safe ya ce in ce maka ka je ka same shi!"

Gwani ya ajiye fensir a hankali. Shekara biyu ke nan suna son juna a wannan ɗakin, shi yana zana katun ɗin matafiya sararin samaniya, ita tana saka launi. Saura kwana biyar manyansa su je jin amsar Abba. Abba kuwa ba a yi masa gaggawa, in ya ce a'a to an rufe babin.

Neman gindin zama ne ya ja musu. Abba ya shekara talatin yana haska fim a silima, kuma duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar finafinan kaboyi na da. Shi ne Gwani ya sauke jirgin matafiyan a wani gari mai titi ɗaya tal, da dawakan ƙarfe a ɗaure. A ƙarshen shirin wani dattijo ya fito ya tare hanya, hannunsa dab da bindiga. Gashin bakin Abba, ɗingishin Abba, har tsinken da yake taunawa!

"To ai karrama shi na yi," in ji Gwani. "Mai tsaron garin ne, shi zai cece su a kashi na gaba."

"Da baƙar malafa? Tun ina goye na san wannan! Fara ta jarumi ce, baƙa ta bos, mugun fim. Ka mayar min da uba ɗan ta'adda a gaban duniya!"

Gwani ya buɗe aljihun teburinsa. Ya jawo takardar zanen ya tura mata. A gefe, da rubutunsa, an sa: malafa fara.

Auta ta ƙura wa rubutun ido. Sai yanzu ta tuna. Farar ta ɓace a cikin hasken tagwayen ranar da aka zana a sama bayan dattijon, ita kuma tana sauri, ta shafa mata baƙi ta wuce.

"Na shiga uku... ni ce!" Hawaye suka ɓalle mata. "Ni da hannuna!"

"Share hawayenki. Zan ce ni ne."

"Ƙarya za ka yi masa?"

"Gara ya ƙi ni da ya yi fushi da autarsa."

Wannan magana ta ƙara karya mata zuciya. Ita fa ba ta ga wanda za ta iya zama da shi ba in ba wannan sarkin rigimar ba.

Da yamma suka iske Abba a falo, ya harɗe a kujerarsa, fuska ba annuri. Umma na gefe tana ninke kaya, ko kallonsu ba ta yi.

"Kai ka zana ni?"

"Ni ne, Abba. A gafarce ni, malafar nan kuskurena..."

"Ba shi ba ne!" Auta ta zube a gabansa. "Fara ya ce, ni na baƙanta ta. Don Allah Abba kada laifina ya shafe shi, wallahi ina son sa..."

Ta toshe bakinta da sauri. Yau ga ranar kunya!

Abba ya dube ta, ya dubi Gwani. Gashin bakinsa ya soma rawa. Can sai ya fashe da dariya har da buga ƙafa.

"Fara? Allah ya kiyaye! Ni za ku sa wa farar malafa, in yi ta murmushi kamar mai tallan man goge baki? Ke, shekara talatin ina leƙen 'yan kallo ta 'yar tagar ɗakin haska fim. Jarumi ya fito, a yi tafi. Bos ya fito, silima ta yi tsit, ko mai gyaɗa ba ya motsi. Bos ne fim!"

"Sau tara ya maimaita a waya," Umma ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ya kira abokansa kaf. Tun da ya shige ɗaki jiya bai bar ni na huta ba."

Auta ta saki wata ajiyar zuciya da ta ji har tafin ƙafarta. Ashe duk kukan nan a banza ta sha shi!

"To Abba... me ya sa ka ɗaure fuska?"

"Saboda aikin da gyara." Ya nuna Gwani da tsinke. "Ka yanke da wuri, yaro. Ba haka ake tsayuwar fito-na-fito ba. A nuna ido. A nuna yatsu. A bar iska ta kaɗa ƙofa, sai ran ɗan kallo ya kusa fita. Kai kuwa ka yi fit kamar ana korar ka."

"Zan gyara, Abba. Ko za ka zo ka nuna mana?"

"Da wa za ku tambaya?"

Dariyar ta lafa. Ya daɗe yana kallon Gwani.

"Mutane da yawa sun gaishe ni saboda ita. Kai kaɗai ka kalle ni har ka san da wace ƙafa nake ɗingishi. Kuma ka zo za ka ɗauki laifin da ba naka ba." Ya gyara zama. "Ka ce wa manyanka su zo. Na ba ka."

Auta ta kifa kai a gwiwar Umma tana kuka tana dariya. Gwani kuwa ya durƙusa yana ta zuba godiya.

"Amma da sharaɗi!" Abba ya ɗaga yatsa.

Auta ta ɗago kai da sauri.

"Kada ka kuskura ka kashe ni a kashi na gaba. Bos ba ya mutuwa sai ƙarshen fim, ni kuma sai na ga jikokina."