Tsohon Famfon Mai

Duk wanda ya zo gidana a Lembah Pantai sai ya tambaye ni abin da ya sa na lulluɓe jar mota mai ƙofa biyu da tamfol shekara shida, ina bin jirgin ƙasa kamar ɗalibi. Nakan ce ta lalace. Ƙarya nake yi. Motar nan lafiyarta ƙalau, kuma lafiyar tata ce ta hana ni sukuni. Yau zan faɗi gaskiya, mai ji ya ji.

Sunana Abdulgani, kayan ɗaki nake aikawa Kano daga nan Kuala Lumpur. Da Allah ya buɗa mini sai na shiga sahun masu motocin tsere, irin masu kwanciya a ƙasa suna gurnani. Wanda bai mallaka ba yana ganin daɗi muke ji. Ina! An ƙera su don ƙasashen sanyi, mu kuwa muna gasa su a cunkoson Bukit Bintang. Yau inji ya ɗau zafi, gobe giya ta ƙi shiga. Ka kai wa dila, a ba ka kofi a ɗaki mai sanyi, a yi maka murmushi a ce, "Boleh, boleh," wato za a yi, za a yi. Sai ka yi wata huɗu kana jiran ƙarfe ɗaya daga Turai, ka karɓo motar, kafin sati biyu fitilar gargaɗi ta sake kamawa.

A cikin wannan takaici Muntasir ya ɓullo. Ɗan Fagge ne, karatun injiniya ya kawo shi, ya ƙare ya zauna yana gyara a garejin wani. Yana da hannu, wallahi, sai dai idonsa ya fi hannunsa girma. Yakan shafa motocinmu ya ce, "Alhaji, wata rana ku za ku bi layi a ƙofata." A ƙaramin gidan haya yake da matarsa Bashira, da ƙaninsa Imran mai karatu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, da 'yarsa Ulfa, 'yar shekara shida, wadda in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci.

Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Muntasir na ji, bayan komai ya ƙare. An yi masa kwatancen wani tsohon boka a cikin gonar kwakwar manja, tafiyar awa biyu daga gari. Da tsakar rana ya isa. Tsohon gareji ne da aka yi watsi da shi, kuma a cikin ramin da bakanike ke shiga ƙarƙashin mota tsohon yake zaune. Gefen ramin an jera ƙoƙon kwakwa cike da baƙin mai, da lemun tsami da aka soke da ƙusoshi, da shinkafa mai ruwan ɗorawa. Hayaƙin turaren jawul ya toshe wurin. Rana na ƙuna a waje, amma cikin ramin sanyi kamar rijiya, kuma ko tsuntsu ba ya kuka.

"Me kake so?" in ji tsohon, bai ɗago ba.

"So nake duk motar da na taɓa kada ta ƙara lalacewa."

"Abu mai sauƙi. Amma ciwon da ka cire daga ƙarfe, ina za ka kai shi?"

"In jefar a bola mana, Baba."

Tsohon ya yi wata dariya marar sauti. "Ba ya zama a bola. Masauki yake so. Duk tsohon ƙarfen da ka cire, ka kai shi ƙarƙashin rufin da naka suke barci. In ba ka kai ba, gyaran ba zai kama ba."

"Shi ke nan? Ba yanka, ba jini?"

"Ni ban roƙe ka jini ba."

"To me zai faru da ƙarfen?"

"Ƙarfen ba abin da zai same shi."

Muntasir ya ce amsar nan ba ta kwanta masa ba, amma ya danne. Ya tsoma hannuwansa biyu cikin baƙin man har wuyan hannu, tsohon ya matse lemun tsami a kai yana surkulle. Man nan bai taɓa fita daga ƙarƙashin faratansa ba.

Cikin shekara guda ya buɗe nasa garejin, da ofis na gilashi da kujerun fata. Motar da dila ya riƙe wata biyar, shi yini ɗaya take yi a hannunsa, kuma ba ta dawowa. A zauren wayarmu na masu motoci ba a maganar kowa sai shi. 'Yan China, Larabawa, 'yan ƙasa, kowa layi. Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai. Al'adarmu ce in an canja maka kaya a saka maka tsohon a but, shaidar an canja ɗin. Muntasir ba ya bayarwa. Ni da bakina na kare shi, na ce wanda motarsa ta warke me zai yi da ruɓaɓɓen ƙarfe.

Ya koma katafaren gida, ya ware ɗaki guda ya cika shi da tsofaffin kayan mota. Daga nan gidan ya fara ciwo. Yau zazzaɓi, gobe ciwon gaɓoɓi, ba a rabuwa da asibiti. Sannan aka kawo masa motar wani Balarabe wadda ƙwaƙwalwarta ta lantarki ta rikice, fitilu na kamawa da kansu, ƙofofi na kullewa. Ya canja, ya kai tsohuwar ƙwaƙwalwar gida. Bayan kwana uku Imran ya tashi a tsakiyar aji ya tuɓe riga, yana kiran lambobi, idanunsa na ƙiftawa ba tsayawa. A ɗaure aka mayar da yaron nan Kano, saura wata biyu ya gama digirinsa na biyu.

Bayan wata bakwai ya canja wa wata mota lagireto, wadda ke tafasa ko a inuwa. Bashira ta kwanta da zafin jikin da likitoci suka rasa kansa. Matata ta je dubiya, ta dawo tana kuka, ta ce in ka taɓa goshinta sai ka janye hannu. A rana ta tara Bashira ta cika.

A nan Muntasir ya gane. Ya kwashe ɗakin nan kaf ya zubar, ya rufe gareji, ya rungumi Ulfa, ita kaɗai ta rage masa. Da a nan ya tsaya da yau ba na wannan labari.

Wata uku yana zaune, sai wani kamfani mai shigo da motoci ya aiko masa: za su ba shi wakilcin sabis na ƙasar gaba ɗaya, in ya sake buɗewa. Ni kuma a lokacin famfon man motata ya mutu, tana tafiya sai ta shaƙe ta tsaya. Dila ya ce wata uku. Na sami Muntasir a shagon masu shayi da ake kira mamak, yana juya shayi bai sha ba.

"Haba Injiniya, makoki ai ba sana'a ba ne," na ce masa. "Aikin awa ɗaya ne fa."

"Alhaji, ka yi haƙuri, na daina."

"Ka daina, ga mutane sun kawo maka arziki har gida? Wa zai ciyar da yarinyar nan?"

Ya daɗe yana kallon faratansa. Sannan ya ce, "Kawo ta gobe. Akwai abin da nake so in gwada."

Dabarar da ya yi ita ce ya bar tsohon ƙarfen a gareji, kada ya kai gida. In gyaran ya ƙi kamawa, bai yi asarar komai ba. In ya kama, ya ci tsohon boka da wayo.

Washegari na kai ta, da azahar na je ɗauka. Ya murɗa makulli, motar ta tashi da wani irin gurnani mai daɗi wanda ko ranar da na saye ta ban ji ba. Muntasir ya yi tsalle kamar ƙaramin yaro, har da rungume ni. "Ya kama, Alhaji, ya kama!" Muka shiga ofis in sa hannu a takarda. Tsohon famfon yana kan kanta, an naɗe shi a tsumma. A gefen kantar, kan doguwar kujerar fata, Ulfa ce kwance da kayan makaranta, takalmi ɗaya a ƙafa, ta yi matashi da jakarta. Tun rasuwar uwarta ba mai riƙe ta, daga makaranta wurin ubanta take wucewa.

"Yi a hankali, Alhaji," ya ce da ni ƙasa-ƙasa yana murmushi. "Barci take."

Sai na ga murmushin ya daskare. Ya dubi yarinyar, ya dubi kantar, ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya fizgi famfon ya fita da gudu ya wurga shi titi. Ya dawo ya durƙusa yana jijjiga ta. "Ulfa. Mamana, tashi mu tafi gida." A waje motata na ta gurnani lafiya lau. Likita ya ce zuciyarta ce ta tsaya.

Bayan jana'iza ya zaunar da ni ya faɗa mini komai tiryan-tiryan, kuma wannan ce magana mai ma'ana ta ƙarshe da aka ji daga bakinsa. Yanzu yana Fagge a ɗakin mahaifiyarsa, kusa da na Imran. An ce duk yaron da ya gifta sai ya kama shi ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ce a yi shiru yana sauraren inji.

Ku masu sha'awar abin da ba ya lalacewa, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ku arziki bai nemi komai ba, to abin da zai ɗauka ya fi ƙarfin a faɗa. Boka bai yi wa Muntasir ƙarya ko ɗaya ba, kwaɗayi ne ya toshe masa kunne, ni kuma gaggawata ta tura shi ramin. Wata uku kawai aka ce in jira.

Na kasa sayar da motar, don ban san abin da zan miƙa wa wani ba. Na kasa hawanta. Shekara shida ba sabis, ba canjin batir. Watan jiya na ɗaga tamfol ɗin na murɗa makulli, ina roƙon Allah ya sa ta ƙi. Bugu ɗaya ta tashi.