Gishiri a Kwalbar Maganin Kunama

Da hantsi aka kira Sufeto Abdulbaƙi wani ƙaramin asibiti a yankin Wadi Bawanis. Maganin dafin kunama ya daina aiki, saura ƙiris a rasa wani manomi.

Zaharaddini mai kula da sito ya riga ya shirya mai laifi. "Ranka ya daɗe, Hamidou mai shara ne ya zare wayar firij, magani ya lalace."

Hamidou, baƙo daga Damagaram, ya yi saurin rantsuwa. "Wallahi Sufeto ban taɓa ba. In aka kai ni markaz inda ake tsare baƙi, korata za a yi daga ƙasar."

Tausayi ya kama Sufeto, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya ce Zaharaddini ya kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji a birnin Sabha, shi kuma ya zura wata a aljihu a ɓoye, ya bi shi.

A ɗakin gwajin, Dakta Houda tana da na'urar da ke auna nauyin furotin ɗungurungum. Ta zuba ta Zaharaddini, allo ya cika da zane birkitai.

"Kin gani ko, Dakta? Ya lalace," in ji Zaharaddini, har da murmushi.

"Gishiri ne ya yi yawa, yana manne wa furotin ya rufe wa na'ura ido," ta ce. "Wankewa ake yi."

Ta bi da ruwan ta wata 'yar matata mai riƙe manyan ƙwayoyi ta saki ƙanana, sau uku kamar mai wanke shinkafa. Allo ya washe.

"Maganin gaske daga jinin doki ake yin sa, Sufeto. Wannan farin ƙwai ne."

Sufeto ya miƙa ta aljihunsa. Ita ma farin ƙwai, amma babu tulin gishiri.

"Firij ɗaya suka fito, Malam Zaharaddini. A hanya taka ta sha gishiri?"

Asirin Zaharaddini ya tonu: shi ya zuba gishirin. Ashe ya taɓa aiki a ɗakin gwaji, ya san gishiri na rikita na'ura, sai dai bai daɗe ba balle ya ga ana wankewa.

"Na sayar da na gasken," ya ce a hankali. "Yana wani shago a unguwar Hajara."

Aka sa masa ankwa, aka tura mota ta kwaso maganin.

Da Sufeto ya koma asibitin, Hamidou ya matso yana share hawaye. "Sufeto, yanzu ni fa?"

"Kai? Koma bakin aikinka, ɗan'uwa. Babu mai korarka."